Zuwa Makka a belo ko a ƙasa: abin da fadarmu ta ce

Jiya da dare a fada nan Birni wani ƙanenmu ya ce shi fa ya yi niyyar tafiya Makka a belo, wato keke, shayi har ya huce ana musu, ga dai abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce ya fara da takardu tukunna. Paspo, katin allurar shawara da ta sanƙarau, sannan biza, don Saudiya ba ta duba gajiyar mutum, in ba ka bi ta COHO, hukumar aikin Hajji ta Nijar, ka shiga kujerun Nijar ba ko ka isa Jidda za a maido ka. Wani ya tuna mana 2020 lokacin korona, mazauna Saudiya kaɗai suka yi Hajji.

Hanyar kakanni kuwa, Gure, Diffa, Cadi, Abeshe, Sudan, jirgin ruwa daga Suwakin, wani dattijo ya ce yaro manta da ita yanzu, tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan kuma Darfur ce ƙofar shiga, Diffa kanta akwai matsalar tsaro. Nan ne jikin kowa ya yi sanyi.

Mai faci ya ce in dai belo ne a riƙe tiyub biyu, famfo, sarƙa, jarkar ruwa, a taka bayan asuba a kwanta da rana, kuma lokacin ɗari ake tashi.

Ni dai na ce ya gwada Gure tukunna, ya je ya dawo mu ga ƙafafun.