Wane suna za mu ba townhouse da Hausa?

Jama'a, masu fassara tallan masaukin hutu na yawan cin karo da townhouse, galibi tare da bayanin cewa gidan ya daɗe. Da yawa sukan rubuta "gidan gari" su wuce abinsu. Ni dai bai kwanta mini ba, domin duk gidan da ba a ƙauye yake ba ai gidan gari ne.

A Ingila ta da, mai sarauta yakan mallaki babban gida a karkara inda filayensa suke, da wani kuma a Landan inda yake sauka lokacin zaman majalisa. Na Landan ɗin shi ne mai sunan tun asali. Spencer House, wanda aka fara ginawa a 1756, irinsu ne. Da a nan aka tsaya, "gidan birni" ya wadatar.

To amma mai talla a yau siffar gini yake nufi: gida mai ƙaramar fuska, dogo zuwa sama, hawa uku ko huɗu, bangonsa na dama da na hagu haɗe da na maƙwabta, ƙofarsa kuma tana buɗewa kan titi. Ku duba Royal Crescent a birnin Bath: gidaje 30 a jere kamar jinjirin wata, an gina su daga 1767 zuwa 1774, yau na tsakiyarsu otal ne. Ko gidajen bakin ruwa na Amsterdam, waɗanda da yawansu na ƙarni na 17 ne. Matakalarsu ta matse, ta kuma miƙe ƙwarai, shi ya sa ake kafa katako mai ƙugiya a can ƙololuwa, a ja kaya da igiya a shigar ta taga.

Shawarata ita ce benen jeri. "Bene" ya ɗauki tsayin, "jeri" ya ɗauki haɗuwar bangon. Jam'insa benayen jeri, ba ya wahalar da harshe.

Wani malami ya kawo "soro". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar na da daɗi, sai dai a bakin mutane da dama soro ɗakin shiga gida ne, mai karatu zai zaci a ƙofar gida za a shimfiɗa masa. Wata 'yar uwa ta ce "gidan sama". Hajiya, kin kusa, amma dogon gini mai hawa ashirin da iyalai ɗari a ciki shi ma gidan sama ne. "Katafaren gida" kuwa ya yi masa yawa, wasunsu faɗinsu bai wuce taga biyu ba.

Inda aka fi jan magana shi ne batun daɗewar. Kada a ce "tsohon bene". Wanda ya ji haka, tsagaggen bango da yoyo zai hango, alhali daɗewar ce ake sayar masa, har da ƙarin kuɗi. "Mai tarihi" ya fi. Kuma ba ado ba ne kawai: a Ingila irin waɗannan gidaje da yawa na cikin rajistar gine-ginen da doka ta kare, ba a rushe bango ko sauya taga sai da izinin hukuma. Saboda haka sau da yawa ba na'urar hawa, baƙo shi zai ɗauki akwatinsa zuwa hawa na huɗu, ɗakunan da barori ke kwana a da. Kicin kuma yana iya kasancewa a ƙarƙashin ƙasa, inda aka sa shi tun farko. Mai ciwon gwiwa da ya karanta "bene mai tarihi" ya san tambayar da zai yi kafin ya biya.

Sai batun sauka a gidan. "Haya" tana kawo tunanin wata ko shekara, don haka "masauki" za mu riƙe. Ga yadda zai zo a jimla: "Mun kama masauki a wani benen jeri mai tarihi a Edinbara." In gidan gaba ɗaya aka ba ka da makullinsa, sai ka ce "mun kama benen jeri sukutum na mako guda". In kuwa an raba shi ɗaki-ɗaki, ga ma'aikaci zaune a ƙofa yana karɓar baƙi, wannan ya zama otal, a kira shi otal.