Muhawara: Me ke sa 'yan matan karkara sanin ɗa namiji da wuri?

Malamar aji shida: Assalamu alaikum. Takaici ne ya sa na kawo kukana wannan zaure. A zangon nan kaɗai an cire mini ɗalibai mata uku, ɗaya za a ɗaura mata aure bayan girbi, biyu kuma an ɗora musu farantin talla domin a tara kuɗin kayan ɗaki. Ni a ganina talla ce babbar ƙofa, saboda yarinyar da ake turawa tasha da kasuwar mako har bayan magariba, wadda ta san duka ke jiran ta idan ta dawo da kwantai, ba za ta iya ƙin mutumin da ya ce zai saye farantin gaba ɗaya ba. Amma ƙauyawa ba sa ganin wannan haɗari.

Ɗan dagaci: Wa alaikumus salam. Malama, na ji damuwarki, sai dai kalmar "ƙauyawa" da kika jefe mu da ita ba ta dace da mai tarbiyyar yara ba. Geron da kike ci mu muka noma shi, kuma 'ya'yanmu kike koyarwa ake biyan ki albashi.

Malamar aji shida: Ranka ya daɗe, ban yi nufin raini ba. Ni ma a ƙauye aka yanke mini cibiya.

Ɗalibin jami'a: Baba, a yi mini afuwa, amma wanda ke zaune a ƙauye ai baƙauye ne, jam'insa ƙauyawa, kamar yadda ake cewa Bakano da Kanawa. Nahawu ne kawai.

Ɗan dagaci: Yaro, nahawu daban, abin da kunne ke ji daban. Idan ɗan birni ya ce wa mutum baƙauye, gidadanci yake nufi, shi ya sa gidajen rediyo suke cewa "mutanen karkara". Ka tambayi mahaifinka.

Ungozoma: Don Allah a dawo kan yaran. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna rabin mata sun fara saduwa da namiji tun suna wajen shekara 17, kuma abin ya fi sauri a karkara da kuma tsakanin waɗanda ba su yi makaranta ba. A wajenmu yawanci a ɗakin aure hakan ke faruwa, don haka maganar ta koma kan lokacin da ake aurar da yarinya. A Nijar, ƙididdigar UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Wanda ya taɓa raka mai yoyon fitsari asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san abin da doguwar naƙuda ke yi wa ƙaramar yarinya idan asibiti ya yi nisa.

Alhaji daga Maraɗi: Hajiya, me ya kawo sunan Nijar cikin rigimar ƙauyenku? Wa ya shiga gida-gida ya ƙirga 'ya'yanmu? Mu aure muke yi musu da shaidu da goro, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Ɗalibin jami'a: Alhaji, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure a Najeriya.

Alhaji daga Maraɗi: Wannan dokarku ce, ɗana, kuma ku kanku shekaru nawa jihohinku na Arewa suka yi ba su karɓe ta ba? Ni ina bayan mai gari, a janye waccan kalma tukuna.

Ɗan dagaci: Allah ya saka da alheri, Alhaji. A da iyaye na sa ido a dandali, yanzu kuwa 'yan cirani ne ke dawowa daga birni da waya cike da hotunan banza suna nuna wa ƙannensu. To wane ne baƙauyen a nan?

Malamar aji shida: Na janye kalmar, Allah ya ba ku haƙuri. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai a kan yaran nan uku.

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda cewa kalmar "ƙauyawa" cin fuska ce, kuma Malama ta amsa kuskurenta, mun gode mata. Haka nan ya fito fili cewa ɓarnar daga birni take zuwa ta hanyar waya, kamar yadda Baba ya bayyana da hikima irin ta manya. Alƙaluman Nijar da Hajiya ta kawo na UNICEF ne, Alhaji kuwa ya ba su amsa. Daga yau duk wanda ya sake rubuta waccan kalma a zauren nan zan cire shi.