Numfashin da ke ɗaukewa cikin barci: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan da na kawo muku kukana a kan kalmar nan ta likitoci, apnea, wadda kullum ake haɗa ta da barci. Aikin fassara ne ya haɗa ni da ita, na zo kanta na cije. Amsoshi sun zo da yawa, wasu da hujja, wasu da zolaya, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Bari in tattaro abin da aka faɗa, in kuma faɗi inda na tsaya da dalilina.

Ita kanta kalmar ba ta Turanci ba ce tun asali. Daga Girkanci aka aro ta, ma'anarta babu numfashi. Likitocin barci ba sa kiran abu da wannan suna sai iska ta daina shiga da fita ta hanci da baki na aƙalla daƙiƙa 10. Sukan kwantar da mutum dare guda jikinsa duk na'urori, su ƙirga sau nawa hakan ta faru a kowace awa, su haɗa da lokutan da numfashin ya ragu sosai amma bai tsaya cak ba. Daga 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura haka mai tsanani. Ku lissafa da kanku: mai 30 a awa, in ya yi barcin awa 7, sau 210 ke nan a dare ɗaya. Gari ya waye ba ya tuna ko ɗaya. Abin da ya sani kawai shi ne ciwon kai, bushewar baki, da gyangyaɗin da zai wuni yana yi.

Wanda ya fara amsa mini cewa ya yi, malam, ai minshari ne, daina wahalar da kanka. Ɗan'uwa, da haka ne da na huta. Minshari ƙara ce da ke fita idan iska ta matsu tana wucewa, hanɗa da beli suna kaɗawa. Muddin ana jin minshari, to iska na wucewa ke nan. Abin da muke nema wa suna shi ne shirun nan da ke biyo baya, wanda na kusa da mai barci zai kasa kunne ya ji ɗif, har gabansa ya faɗi, can sai mutum ya fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Masu minshari da yawa lafiyarsu lau. In muka ba su suna ɗaya, mun tsorata masu lafiya, mun kuma kwantar wa marasa lafiya hankali.

Dannau ma an kawo shi. A'a. Mai dannau a farke yake, yana sane da komai, jikinsa ne ya ƙi motsi. Namu kuwa barcinsa yake yi bai san wainar da ake toyawa ba. Ciwon barci kuma suna ne mai mai shi, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Asma tana can ƙasa cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, tamu matsalar a sama take, a maƙogwaro. Waɗannan uku ba sai mun daɗe a kansu ba.

Inda aka fi yin ca shi ne shaƙewar masu ƙiba, wasu suka ce ciwon teɓa. Mutum fiye da goma suka goyi bayan wannan, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. A cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo waɗanda mutum ke iya canzawa, babu kamar nauyin jiki. Akwai binciken da aka daɗe ana yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, ana bin mutane shekara da shekaru ana auna barcinsu. A sakamakon da suka fitar a 2000, daga mutum 690, sun ga cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafe da ƙarin kusan kashi 32 cikin 100 na yawan ɗaukewar numfashi, raguwar kashi 10 kuma tana rage shi da kusan kashi 26. Wato mai kilo 90 da ya koma 99, ba wandonsa kaɗai ne zai matse ba.

Yadda abin ke faruwa ma yana da ban sha'awa, kuma shi ya taimaka mini wajen zaɓen suna. Maƙogwaro daga bayan hanci zuwa saman maƙoshi ba shi da ƙashin da ya tokare shi. Bututu ne na tsoka zalla, tsokokin ne ke riƙe shi a buɗe. Da barci ya yi nauyi sai su saki. Ga wanda hanyarsa ke da faɗi, ko sun saki iska za ta wuce. Amma idan kitse ya taru a gefen maƙogwaro ya rage faɗin, da an ja numfashi sai bangon ya manne, kamar yadda siririn tiyo mai laushi ke lanƙwashewa in an zuƙe shi da ƙarfi. Shi ya sa likitoci ke auna kaurin wuya, suna sa ido idan na namiji ya kai inci 17, na mace inci 16. Harshe ma yana yin kitse, abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya sun nuna a 2020 cewa a cikin masu ƙibar da suka rage nauyi, raguwar kitsen harshe ce ta fi tafiya da sauƙin da suka samu. Sai kuma tumbi: idan mutum ya kwanta rigingine yakan tura huhu sama ya rage masa girma, huhun da ya ragu kuwa ba ya jan maƙogwaro ƙasa ya ɗame shi yadda ya saba.

To duk da haka ban yarda a sa ƙiba cikin sunan ba, kuma dalilina na farko tarihi ne. Turawa sun taɓa taka wannan sawun. A 1956 wasu likitoci a Amurka suka ba da labarin wani majinyaci mai ƙiba da barci ke sacewa ko'ina, suka laƙaba wa ciwon sunan Pickwick, daga littafin Charles Dickens wanda a cikinsa akwai wani yaro lukuti mai suna Joe da ke barci ko a tsaye yake. Sunan ya zauna, ido ya koma kan ƙiba da barcin rana. Sai a 1965 ne Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa, da wasu likitoci a Jamus, suka auna irin waɗannan majinyata suna barci, suka gano numfashinsu ɗaukewa yake yi a kai a kai. Daga baya, a shekarun 1970, Christian Guilleminault a Jami'ar Sitanfod ya nuna ana samun abin a jikin marasa ƙiba, har da yara. Dole aka sake suna. Yau in an ce Pickwick wani ciwon ake nufi, ɗan'uwan wannan, inda mai ƙiba sosai ba ya numfashi isasshe ko idonsa biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalili na biyu, wa za mu bari a waje? Siririn da haɓarsa ta koma baya ko muƙamuƙinsa na ƙasa ƙarami ne, harshensa bai da wurin zama sai ya koma maƙogwaro. Yaron da tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro, tonsil, da ta bayan hanci suka kumbura, wanda shi ne babban sanadi a wajen yara. Mutanen gabashin Asiya, waɗanda aka lura suna kamuwa da shi da nauyin da bai kai na Turawa ba saboda yanayin ƙashin fuska. Mai toshewar hanci kullum. Macen da al'ada ta ɗauke mata, domin daga nan haɗarinta ke matsowa kusa da na maza. Mai shan giya ko maganin barci da dare, tunda duka biyun suna ƙara sakin tsoka. Ƙiyasin da aka buga a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan matsala a duniya. Idan siriri ya ji an ce ciwon masu ƙiba, zai dubi hannunsa ya ce ba da ni ake ba, alhali illolin ciwon irin su hawan jini, bugun zuciya marar tsari, shanyewar ɓarin jiki da haɗarin mota saboda gyangyaɗi ba su tambayar kilo nawa ne mutum.

Akwai na uku, wanda ya fi taɓa ni. Sunan zai zama kamar zargi, wai kai ka ja wa kanka. Alhali ba a san kaza ce ta riga ƙwai ko ƙwai ne ya riga kaza ba. Barcin da bai isa ba yana rikita sinadaran jiki masu sa yunwa da ƙoshi, ga gajiyar da ba ta barin mutum ya motsa jiki. Ƙiba na kawo ciwon, ciwon na ƙara ƙiba. Wanda aka yi wa gori da sunan cutarsa da wuya ya kai kansa asibiti.

Sai muka koma kan aikatau, a nan ne kuma zaren ya yi daɗi. Yankewar numfashi: Bahaushe in ya ce numfashi ya yanke, sai dai a yi salati. Tsayawar numfashi ma kusan haka. Katsewa ba laifi, amma tana nuna wani ne ya katse daga waje. Sarƙewa ta fi dacewa da mai asma ko wanda ya ƙware, yana farke yana kokawa. Toshewa kuwa ta hanya ce, ba a cewa numfashi ya toshe sai dai hanci ya toshe.

Wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, ita ta warware mana. Ta ce ku bar ƙirƙira, ku saurari matan da ke rako mazajensu: abin da suke faɗa shi ne, numfashinsa ɗaukewa yake yi in yana barci. Hajiya, Allah Ya ƙara basira. Ɗauke ita ce kalmar abin da ke tafiya ya dawo. Ruwan sama ya ɗauke, wuta ta ɗauke, ji ya ɗauke, ba wanda ya ce sun tafi ke nan. Kuma ba ta faɗi sanadi ba, wanda a nan alheri ne, domin ciwon ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa shi ne wanda muka yi ta bayani, hanya ta rufe, ƙirji na ta ƙoƙari iska ta ƙi wucewa. Akwai kuma wanda hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ta yi jinkirin aika umarni, ƙirjin ma ko motsi ba ya yi. Ana ganin wannan a masu raunin zuciya, waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, masu shan magungunan kashe zafi dangin kodin da mofin, da waɗanda suka hau tsaunuka masu tsawo sosai. Wannan nau'in ba ruwansa da kaurin wuya. Wasu kuma sukan haɗa biyun.

Saboda haka ga abin da zan rubuta. Sunan gaba ɗaya: ɗaukewar numfashi cikin barci. Nau'in farko: ɗaukewar numfashi ta toshewar maƙogwaro, a baki kuma a gajarta shi a ce shaƙewar barci, tunda shaƙewar ce zahiri. Nau'i na biyu: ɗaukewar numfashi ta ƙwaƙwalwa. Wanda numfashi ya ragu bai tsaya ba: raguwar numfashi cikin barci. Wani malami ya ce sunan ya yi tsawo, ba zai shiga baki ba. Gaskiya ne, amma shanyewar ɓarin jiki ma kalma uku ce, kuma ta zauna daram. Wanda ya ce a Hausantar da ita kawai a ce afniya, ban ƙi ba a tsakanin ma'aikatan lafiya, sai dai tsohuwar da aka gaya wa ɗanta na da afniya za ta ɗauka sunan budurwarsa ne.

Ƙiba kuwa tana nan a jimla ta biyu ta fassarar, a matsayin babban sanadi, tare da bayanin cewa rage nauyi na kawo sauƙi sosai ko da bai warkar da kowa ba. Har ma a Disamba 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar rage ƙiba ta Zepbound a matsayin maganin nau'in toshewar maƙogwaro ga manya masu ƙiba.

Saura guda ɗaya da ta rage mini a shafin. Na'urar nan da Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981, wadda ake ɗaura wa mutum a hanci tana hura masa iska a hankali duk dare don ta tokare maƙogwaro kada ya manne. Mutane na ce mata oksijin, kuma kuskure ne, iskar ɗaki ce kawai take turawa da ɗan ƙarfi. Na rubuta na'urar tokare maƙogwaro na goge, na rubuta mahurin barci na sake gogewa. Gobe da yamma zan miƙa aikin, mai abin da ya fi waɗannan ya taimaka kafin lokacin.