Neman shawara: an yi mini tayin fili a kan tsohon kududdufi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini tayin fili a wata sabuwar unguwa da ke gefen birnin Kano, kuma kuɗinsa bai kai na filayen da ke kewaye da shi ba. Da na bincika, sai wani dattijo ya shaida mini cewa a da kududdufi ne, aka cike shi da shara da ɓaraguzan gini, sannan aka yanka shi fuloti-fuloti. Dillalin ya rantse cewa ruwa bai taɓa kwanciya a wurin ba. Na daɗe ina tara kuɗin nan, iyalina kuma suna gidan haya. In saya, ko in haƙura?

Amsar wani magini:
Wa alaikumus salam. Malam, yawancin kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, daga baya suka zama matattarar ruwan damina na unguwanni. Cike rami ba ya sauya gangaren ƙasa, saboda haka ruwan zai ci gaba da nufo wurin. Ƙari a kan haka, gonakin da a da suke shanye ruwan sama sun koma rufin kwano da daɓen siminti da kwalta, don haka duk gidan da aka ƙara a saman unguwar, kai ne za ka karɓi ruwansa. Wataƙila dillalin bai yi ƙarya ba, amma yana maganar lokacin da unguwar ba ta cika ba. Sannan ƙasar ciko tana lotsawa a hankali. Na sha ganin bango ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa a irin waɗannan wurare.

Amsar wata malama:
Ɗan'uwa, kada ka biya ko sisi da rani. Ka jira watan Agusta, ka je wurin da safe bayan an kwana ana ruwa. Ka duba gindin katangun maƙwabta ko akwai shatin ruwa da gansakuka, ka lura ko sun ɗaga dokin ƙofa ko sun jera buhunan yashi. Ka tambayi matan gidajen, domin su ne suke kwashe ruwa daga tsakar gida, su kuma suka san lokacin da masai yake cika ya gurɓata rijiya.

Amsar wani daga Yamai:
Mu mun gani a 2020, lokacin da kogin Kwara ya cika ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga. Waɗanda suka fi shan wahala su ne talakawan da tsadar fili ta tura su gina a ƙasa mai kwari. Arahar da ake yi maka, kuɗin haɗarin ne aka cire.

Amsar wani mai sayar da kayan gini:
Ni ban ce lallai ka gudu ba. Ana iya haƙa harsashi har a tarar da ƙasa ta asali, a kuma ɗaga ginin sosai, sai dai abin da za ka kashe zai iya cinye rangwamen, kuma ruwan da ka kore gidan maƙwabcinka zai faɗa. Kafin komai, ka je hukumar tsara birane ta KNUPDA ka tabbatar ko wurin yana cikin shatar gidaje ko hanyar ruwa ce, domin ginin da ke kan magudana ana iya rushe shi.