Neman shawara: monita ta USB ta ƙi nuna hoto a Ubuntu

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimakon masana Linux. Kwamfutar cinya ce da ni mai Ubuntu 24.04, kuma na samu ƙaramar monita mai inci 15.6, irin wadda kebul ɗaya na USB ne yake kai mata wuta da hoto gaba ɗaya. Idan na jona ta, allon yakan kawo haske na 'yan daƙiƙu, ya rubuta No Signal, sai ya ɗauke. A wajen saitin allo ma ba ta fitowa. An gwada ta a kwamfuta mai Windows ta yi aiki, ke nan lafiyarta ƙalau. Kwamfutar tana da ramin USB-C guda ɗaya da manyan ramukan USB biyu. An ce in sa direban DisplayLink, na sa, amma babu abin da ya canza. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka ƙara sa komai, sai mun san wace irin monita ce a hannunka, domin iri biyu ne ake kira monita ta USB, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai wadda take karɓar hoto kai tsaye daga katin hoto na kwamfuta ta ramin USB-C, abin da ake kira DisplayPort Alt Mode. Wannan ba ta son direba ko kaɗan. Idan ta ƙi, ko dai ramin ba ya fitar da hoto, ko kebul ɗin na caji ne kawai. Duba gefen ramin: alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar DP tana nuna yana fitar da hoto. Ramukan USB-C da yawa caji da tura fayil kawai suke yi, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan, tunda wayoyin hoton ba a haɗa su a cikin na'urar ba tun farko.

Iri na biyu tana da nata cip a ciki. Kwamfuta ce take matse hoton ta tura shi kamar sauran bayanai, cip ɗin ya warware shi. Ita ce mai neman direba, kuma DisplayLink ɗaya ne daga cikin masu yin irin wannan cip.

Buɗe taminal, jona monitar, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka kawo mana abin da ya fito:

lsusb
lsusb -t
dkms status
mokutil --sb-state
sudo modprobe evdi

A sakamakon lsusb nemi layin da lambarsa ta fara da 17e9, ita ce lambar DisplayLink. Idan 1d5c:2000 ka gani, cip ɗin Fresco Logic FL2000 ne, babu direbansa a cikin kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa na'urori, kuma direban DisplayLink ba zai taɓa tashinsa ba.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. Layin 17e9 ya fito da sunan DisplayLink. A lsusb -t an rubuta 480M a ƙarshen layinsa. dkms status ya nuna evdi, an rubuta installed. Na mokutil ya ce SecureBoot enabled. Na ƙarshen kuma ya ce Key was rejected by service.

Amsa ta biyu

To Malam, matsalar ta fito fili, har guda biyu. Bari in ɗauki babbar.

Direban sabbin cip na DisplayLink, wato jerin DL-3000 zuwa sama, kashi biyu ne. Akwai DisplayLinkManager, manhajar kamfanin Synaptics, wanda ya sayi DisplayLink a 2020, kuma ita a rufe take. Akwai kuma evdi, modul na kanel mai buɗaɗɗen tushe, wanda yake sa tsarin ya ga kamar an ƙara masa katin hoto. DKMS, manhajar da take gina irin wannan modul don kanel ɗin da kake da shi, ita take gina evdi a kan kwamfutarka. Naka ya ginu, shi ya sa ka ga installed, amma Secure Boot, tsarin tsaro na lokacin tashin kwamfuta, ba ya barin kanel ya loda modul sai mai sa hannun maɓallin da aka yi wa rajista. Abin da saƙon nan yake gaya maka ke nan. Tunda evdi bai tashi ba, manhajar ba ta da inda za ta ɗauko hoto, sai monita ta sami wuta kawai ta rubuta No Signal.

Ubuntu yana ajiye maɓallin a /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der. Rubuta:

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Zai nemi kalmar sirri sau biyu. Sabuwa za ka ƙirƙira, ta amfani sau ɗaya ce. Ka yi ta da lambobi zalla, kamar guda takwas, saboda a allon da za ka shigar da ita tsarin madannin Amurka ne yake aiki, kuma ba za ka ga abin da kake bugawa ba.

Sai ka sake kunna kwamfutar ka zauna a gabanta. Wani shuɗin allo zai fito yana ƙirga daƙiƙa 10. Nan ne yawancin mutane suke rasa abin: suna ɗauka kuskure ne, su bari ya wuce, rajistar ta lalace. Danna kowane maɓalli na madanni kafin lokacin ya ƙare, zaɓi Enroll MOK, sannan Continue, sannan Yes, ka sa lambobin, ka zaɓi Reboot. Idan ya wuce ka, maimaita umarnin mokutil ɗin daga farko.

Idan fayil ɗin MOK.der babu shi, fara da sudo update-secureboot-policy --new-key, ya samar da shi. A wannan halin evdi ɗinka ya ginu ba tare da sa hannu ba, dole a sake gina shi. Ɗauko lambar sigarsa daga dkms status, ka yi sudo dkms remove evdi/lambar --all, sannan sudo dkms install evdi/lambar. Umarnin modinfo evdi zai nuna maka layin signer idan an sa hannun.

Bayan nan sudo modprobe evdi ya kamata ya wuce shiru. Duba systemctl status displaylink-driver, ka tabbatar an rubuta active.

Amsa ta uku

Hanya mafi sauri ita ce ya shiga BIOS ya kashe Secure Boot. Modul ɗin zai lodu nan take.

Amsa ta biyu

Zai lodu kam, ɗan'uwa, kuma hanya ce mai kyau ta gwaji. Amma ban ba da shawarar a bar shi a kashe ba. Idan akwai Windows mai BitLocker, wato kullen bayanan faifai, a kan kwamfutar, canza wannan saitin kan sa ya nemi maɓallin ceto mai lambobi 48 kafin ya buɗe, wanda bai ajiye shi ba kuwa ya shiga uku. Rajistar MOK, wato maɓallin nan, sau ɗaya ake yi, kuma za ta amfani duk wani modul da DKMS zai gina nan gaba.

Amsa ta huɗu

Kar a manta da 480M ɗin nan. Yana nufin monitar ta haɗu a gudun USB 2.0, megabit 480 a daƙiƙa. Ya kamata a ga 5000M. Yi lissafi: hoto mai 1920 da 1080, sau 60 a daƙiƙa, bit 24 ga kowane ɗigo, ya kai kusan gigabit 3. Ta hanyar megabit 480 sai an matse shi matsewa mai tsanani, shi ya sa rubutu zai riƙa dushewa idan kana jan shafi, linzami kuma yana biyo hannunka a makare.

Sannan wuta. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa a kan bolt 5, wato wat 2.5. Na USB 3.0 miliamfa 900, wat 4.5. Monita mai wannan girman takan nemi fiye da haka idan an ƙure haskenta. Alamar ƙarancin wuta ita ce allo ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Bar sudo dmesg -w a buɗe, za ka ga USB disconnect yana maimaituwa, lambar na'urar tana ƙaruwa kowane karo.

Saboda haka jona ta kai tsaye a rami mai shuɗin harshe ko mai alamar SS, ba ta hob, wato na'urar ƙara ramukan USB, marar wutar kansa ba. Leƙa cikin kan kebul ɗin mai faɗi: na USB 3.0 yana da ƙarin ƙananan ƙarafa biyar can ciki bayan huɗun gaba. In huɗu ne kawai, canza kebul. Gajere ya fi, kada ya wuce mita ɗaya. Idan monitar tana da rami na biyu na wuta, sa mata cajar waya mai bolt 5 da amfa 2 ko 3. In babu, rage haske zuwa rabi.

Mai tambaya

Alhamdulillahi, hoto ya fito. Na yi rajistar maɓallin, na kuma canza kebul, yanzu 5000M nake gani. Allah ya saka muku da alheri. Saura abu biyu: umarnin xrandr na tsara allo ba ya matsar da ita zuwa dama, kuma fanka tana tashi idan na kunna bidiyo a kanta.

Amsa ta farko

Madalla. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE, ka ga tsarin nuna hoto da kake kai, Wayland ko X11. Mai yiwuwa wayland zai ce, kuma a ƙarƙashin Wayland xrandr ba ya canza tsarin allo. Shiga Settings, sashen Displays, zaɓi Join, ka ja hoton monita ta biyu da linzami zuwa dama, ka danna Apply. Idan x11 ya ce, yi xrandr --listproviders, sannan xrandr --setprovideroutputsource 1 0, za ta fito da suna irin DVI-I-1-1. Daga nan xrandr --output DVI-I-1-1 --auto --right-of eDP-1, inda eDP-1 yake nufin allon kwamfutar.

Tashin fanka kuwa ba lalacewa ba ce. Furosesa ce take matse duk wani ɓangaren hoto da ya canza, a bidiyo kuma komai yana canzawa ba tsayawa. Buɗe top za ka ga DisplayLinkManager a sama. Bar bidiyo a allon kwamfutar, ka mayar da takardu, taminal da saƙonni kan monitar. Idan littafinta ya nuna tana karɓar DP Alt Mode, kuma raminka na USB-C yana fitar da hoto, nemi cikakken kebul mai USB-C a kai biyu ka bi ta can. Hoton zai fito daga katin hoto kai tsaye, nauyin ya sauka daga kan furosesa.

Amsa ta huɗu

Ƙari kan abin da zai iya tasowa gaba. Ubuntu 24.04 ya fito da kanel 6.8, amma sabuntawa tana kawo sababbi, kuma wani lokaci tsohon evdi yakan ƙi ginuwa a kan sabon kanel. Idan wata rana monitar ta yi duhu bayan sabuntawa, kwatanta uname -r da abin da dkms status ya nuna. In babu layin evdi na sabon kanel, sa linux-headers-$(uname -r), ka yi sudo dkms autoinstall. Idan ginin ya ƙi, danna Shift ko Esc lokacin tashin kwamfuta, shiga Advanced options, ka tashi da tsohon kanel har sabon direba ya fito.

Idan fayil mai ƙarewa da .run ka yi amfani da shi wajen sa direban, ba ya sabunta kansa. Cire shi da sudo displaylink-installer uninstall, ka ƙara ma'ajiyar APT ta Synaptics, ka yi sudo apt install displaylink-driver. Kada ka haɗa hanyoyin biyu, evdi biyu za su yi karo. Idan kuma kana amfani da TLP don tattalin batir, kuma monitar tana ɗaukewa da zarar ka cire caja, sa cikakkiyar lambarta ta lsusb a layin USB_DENYLIST cikin /etc/tlp.conf, sannan ka yi sudo tlp start.