Dan Allah me za mu kira "counseling" da Hausa?

Ɗalibar jinya: Slm jama'a. An sa mu rubuta allon da za a kafa a sashen tazarar haihuwa, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki dai ba matsala kowa ya san gwaji, amma wannan "counseling" ɗin da ake haɗawa da shi ne ya tsaya min a wuya. Ma'aikata kansilin kawai suke cewa, matan da ke zuwa kuwa ba su san me ake nufi ba.

Malamin Hausa: Wslm. Ai nasiha ce 'yata. Nasiha da gwaji, shi ke nan.

Ungozoma: Allah gafarta Malam, nasiha ba za ta yi ba. Wa ake wa nasiha in ba wanda ya kauce hanya ba? Mace ta zo karɓar allurarta ta wata uku ka ce mata shigo a miki nasiha kan kanjamau, wlh abin da za ta ji shi ne ana zarginta, ta ja mayafinta ta fice, ba gwajin ba, allurar ma ta daina zuwa kenan.

Mai kemis: To wayar da kai fa, Anti?

Ungozoma: Wannan na taro ne, wanda ake yi wa mata suna jere a benci da safe. Wanda muke magana a ɗaki ake yi, ke da ita, a rufe ƙofa. Ki gaya mata ƙwaya da allura da robar dantse ciki kawai suke hanawa ba sa tare cutar, kwaroron roba ne ke yin duka biyun, ki tambaye ta ko ta yarda a ɗiba jininta, in ta ce a'a to a'a ne. Ɗan yatsa ake sokewa, kamar minti 20 sakamako ya fito, kuma nan aikin yake. In gwajin ya nuna ba ta da cutar ki sanar da ita wannan gwajin kan iya ɗaukar har wata uku kafin ya nuna sabon kamu, ta dawo in tana da shakka. In tana da ita kuwa ki bari ta yi kukanta tukuna, sannan a zo maganar magani, da yadda za ta tunkari maigida, da cewa haihuwa ba ta ƙare mata ba, don in ba magani jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke ɗauka daga uwa, da magani kuwa ya koma ƙasa da 5. Har robar dantsen ma sai an sake dubawa, don akwai maganin cutar irin efavirenz da ke rage mata ƙarfi. Ita ke zaɓa fa, ke bayani ne naki.

Malamin Hausa: Na janye Hajiya. To ba da shawara ma bai cika ba, don shi daga sama yake saukowa. Amma Bahaushe na cewa "zo mu yi shawara", wannan kam mutum biyu ne kowa da bakinsa. A ce zaman shawara, kamar yadda ake cewa zaman sulhu.

Mai kemis: Zaman shawara da gwaji. Ya zauna a baki kam. Shi kansila fa? Kar a ɗauka na ƙaramar hukuma ne lol

Malamin Hausa: Muna da shi tuntuni, abokin shawara, mace kuma abokiyar shawara. Ba kowa mutum ke ba wa wannan sunan ba sai wanda ya yarda zai riƙe masa sirri.

Ɗalibar jinya: Na gode Malam, na gode Anti, na ɗauka. Sunan cutar fa, in sa a allon?

Ungozoma: Kar ki sa a ƙofar ɗakin ƙanwata, duk wadda ta shiga idon 'yan benci na kanta. Ki rubuta Ɗakin Shawara kawai, cikakken sunan ya tafi babban allo inda aka jera sauran ayyukan.