Ta yaya zan kai ƙanena wurin likitan cututtukan jini?

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 24 yana fama da zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Ko asuwaki ya yi sai dasashinsa ya zubar da jini, ga tabo baƙi-baƙi a cinyarsa alhali bai bugu ba. An yi maganin maleriya da taifot, shiru. An ƙara masa jini, cikin mako guda ya sake ɗashewa.

Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa ƙwarai. Likitanmu yana zargin sankarar jini, ya ce sai an ɗebi ɓargo an duba, amma asibitinsu babu ƙwararre, kuma takardar turawa har yau ba ta fito ba.

Don Allah, wace hanya ake bi a ga likitan jini a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika da gaggawa?